A-kori-kura da Tsinken Tsintsiya

"Wai ni kam, ta yaya mota za ta mutu a hanya alhali tankinta cike yake da mai?"

Baba Istifanus ne ya yi wannan tambaya a ƙofar majami'a, ran nan bayan an tashi sujada. Ba ni yake tambaya ba. Da 'yan'uwansa masu motocin kaya yake magana, ni kuwa ina gefe ina naɗe tabarmin yara. Kowa ya faɗi nasa, aka yi ta musu ana dariya, aka watse ba a tsayar da magana ba. Da Mama Rifkatu, malamar ajinmu, ta ce ni zan kawo darasin wannan Lahadi, sai tambayar ta dawo mini. To, ga misalin.

Akwai wani mutum mai a-kori-kura. Tsohuwar mota ce da ubansa ya bar masa, ƙofarta ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta. Amma da ita yake ciyar da gidansa. Kowace Asabar yakan kwashi doya da masara da tumatir na mutanen ƙauye ya kai kasuwar gari, ya dawo musu da gishiri da kananzir da labari. Yana da mata, ba su daɗe da aure ba. Mai kunya ce ƙwarai. In baƙi suka zo, sai ta durƙusa ta gaishe su, ta koma madafa.

Wata shekara damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye gada, motar ta yi wata biyu a ajiye a gindin mangwaro. Da aka gyara gadar, mutumin ya murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Ya yi lodi, ya kama hanya yana waƙa. Bai kai rabin hanya ba sai motar ta fara tari, ta yi jijjiga, ta mutu. Ya sauko ya buɗe murfin tanki, ya zura kara, ya ga mai yana nan. Ya rufe. Ya ɗaga bonet, ya taɓa nan, ya taɓa can, ya koma ya murɗa makulli. Sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ya yi tafiya kaɗan, ta sāke mutuwa. Haka ya yi ta fama. Kafin ya isa, kasuwa ta watse, tumatirin mutane ya narke a cikin kwando.

Mutumin nan yana da kawu, yana kuma da aboki, kowannensu da tasa a-kori-kurar. Da suka ji labari, suka zo gindin mangwaro, suka tsaya kan motar kamar masu duba marar lafiya.

Kawun ya ce, "Ɗana, fulogi ne. Shekara talatin ina tuƙi. In mota ta yi tari, fulogi ne."

Abokin ya ce, "Haba Kawu! Kai ko ciwon haƙori aka kawo maka, fulogi za ka ce. Kafireta ce ta sha datti."

"Kai da motarka sai an tura take tashi, kai ne za ka koya mini gyara?"

"Ai motsa jiki nake ba 'yan unguwa, Kawu. Ka ga wani mai tumbi a layinmu?"

Suka canza fulogi, suka wanke kafireta. Suka zaga ƙauye da ita sau biyu, tana tafiya lafiya lau. Kowa ya koma gida yana cewa shi ya gano ciwon. Ran Asabar kuwa, a daidai wurin nan na dā, ta mutu.

A Asabar ta uku matar ta bi mijinta, domin tana so ta je asibitin gari a duba ta, tana da ciki wata huɗu. Motar ta mutu da su sau uku. Ita tana tsaye a bakin hanya, ba ta san sunan ƙarfe ko ɗaya a cikin injin ba, amma tana da kunne. Duk sa'ad da mijin ya murɗe murfin tanki don ya duba mai, sai ta ji wani ɗan sauti, "fuuu", kamar mutumin da ya daɗe a cikin ruwa ya ɗago kai. Ta kuma lura cewa bayan wannan ne motar take tashi, ko ya taɓa injin ko bai taɓa ba.

Ta ce, "Maigida, ka ji wannan ƙarar kuwa?"

Ya ce, "Je ki zauna a inuwa, kada rana ta dame ki. Yanzu zan gama."

Sai ta je ta zauna a inuwa.

Mutanen ƙauye suka fara ba wani kayansu. Ba don ƙiyayya ba, ai ba wanda zai so ya noma tumatir ya zubar. Ran Alhamis mutumin ya zauna a ƙofar ɗaki, abinci yana gabansa bai taɓa ba. Can ya ce wa matarsa, "Mutum biyu ne kaɗai suka yarda su ba ni kaya jibi. In motar nan ta sāke kunyata ni, zan kira 'yan gwangwan su saye ta a matsayin ƙarfe, in tafi kudu neman aiki. Ba zan zauna ina kallonki da murhu a kashe ba."

Zuciyar matar ta yi nauyi. Ta san mazan da suka tafi kudu. Sai Kirsimeti ake ganinsu, wasu ma sai a yi Kirsimeti biyu. Ta lissafa watanninta, ta ga za ta haihu yana can.

Ran Jumma'a da safe kawun da abokin suka dawo da niyyar ko su ko motar. Suka shimfiɗa buhu a ƙasa, suka baje sifanu. Matar ta dafa musu shayi, ta kawo da burodi da madarar gwangwani. Saboda hankalinta ba ya jikinta, huda ɗaya kawai ta yi wa gwangwanin. Ta karkata shi a kan kofin kawu, madara ta ɗiga sau biyu ta tsaya. Ta girgiza shi, madarar ta ɗan fito, ta sāke tsayawa.

Kawun ya yi dariya ya ce, "Amarya, rowa za ki yi mini? Ai sai kin huda ɗaya gefen. In iska ba ta samu wurin shiga ba, madarar ba za ta fito ba, ko gwangwanin cike yake."

Matar ta tsaya da gwangwani a hannu. Ta dubi motar. Sautin nan na "fuuu" ya dawo mata a kunne. Ta kuma tuna wani abu. Duk tsawon daminar da motar take ajiye, a inuwarta take zama tana ɓarar gyaɗa, tana kallon wani zanzaro yana zuwa da ɗan laka a baki, ya shige ƙarƙashin motar wajen tanki, ya fito, ya sāke komawa. Har takan yi masa sannu da aiki a ranta.

Ta buɗe baki ta ce, "Kawu, ko ita ma motar..."

Abokin ya ce, "Motar ma shayi za ki ba ta? Ki sa mata sukari da yawa, madam, ko ta ji daɗi ta kai mu kasuwa!"

Suka fashe da dariya, har da mijin da ya kwana biyu bai yi murmushi ba. Ba da mugunta suka yi ba. Amma kunya ta rufe ta, ta huda gwangwanin, ta zuba musu, ta koma ciki.

Suka wuni suna kwancewa suna ɗaurawa. Kawun ya sāke goge fulogansa. Abokin ya ɗaure wata waya da ya ce ta yi sako-sako. Da la'asar suka tafi wanke hannu a rafi. Matar ta fito da tsintsiya kamar mai shara. Ta duba hagu, ta duba dama, ta durƙusa wajen tanki, ta leƙa inda zanzaron yake shiga. Sai ga wani siririn tiyo, bai kai kaurin ɗan yatsa ba, ya fito daga saman tanki, bakinsa a toshe da busasshen laka kamar an yi masa yaɓe. Ta zare tsinke ɗaya daga tsintsiyarta, ta sa, ta yi ta sakacewa a hankali. Ƙasa ta zubo mata a hannu. Ta ƙara turawa, sai tsinken ya wuce, warin fetur ya bugi hancinta. Ta miƙe, ta karkaɗe zanenta, ta share wurin, ta tafi ta ɗora tuwo.

Ran Asabar aka yi lodi. Kawun da abokin suka ce sai sun bi, domin kowa yana so ya ga aikin hannunsa. Matar ta tsaya a ƙofar gida har motar ta ɓace. Ta koma ɗaki ta durƙusa ta ce, "Ya Ubangiji, ni ban san mota ba. Kai ka sani. Ka bar mini mijina a gida." Ranar nan ta wanke kwanon da ta riga ta wanke, ta share inda ta riga ta share.

Rana ba ta kai ga faɗuwa ba sai ta ji hon tun daga bakin gada. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ana ta dannawa kamar masu rakiyar amarya. Motar ta shigo da gudu, abokin yana tsaye a baya yana kaɗa hula, kawun ya leƙo ta taga yana riƙe da igiyar ƙofa. Mijin ya diro tun ƙurar ba ta kwanta ba.

Ya ce, "Ko tari ɗaya ba ta yi ba! Zuwa da dawowa! Mu muka riga kowa isa kasuwa. Kudu kuma, su gaishe da mutanensu, ba inda za ni!"

Kawun ya ce, "Na gaya muku fulogi ne."

Abokin ya ce, "Fulogin da ka goge sau uku ba ta ji ba? Wayata ce, Kawu, ka yarda kawai."

Mijin ya ce, "Ku dai bari. Ni da asuba na dafa kan motar na ce, ke tsohuwa, ki tuna babana."

Musu ya yi zafi, ana yi ana dariya. Can kawun ya juyo ya ce, "Amarya, zo ki raba mana gardama. Ke kina kallonmu jiya. Wa ya gyara motar nan?"

Matar ta dubi fuskokinsu su uku, kowa yana walƙiya kamar yaron da aka saya wa sabuwar riga. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni dai na ga kowa ya sha wahala, Kawu. Ku zo ku ci tuwo kafin ya huce."

Tun daga ranar, duk Jumma'a in tana shara, takan durƙusa wajen tankin da tsinkenta, domin zanzaro ba ya fushi, yakan dawo.

Yanzu ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwana. Motar nan ni ce, ke ce, kai ne. Man da ke cikin tanki shi ne dukan abin da Allah ya zuba mana: Maganarsa da muke ji kowace Lahadi, waƙoƙin da muka haddace, ƙarfin jiki, da ƙaunar mutane. Da yawanmu cike muke, ba mu rasa kome ba. Amma sai mu fita da safe da murna, kafin tsakar rana mun mutu a hanya. Haƙuri ya ƙare, murna ta ƙare, ɗan abu kaɗan sai faɗa. Sai mu fara canza fulogi. Mu ce laifin miji ne, laifin maƙwabciya ne, laifin garin ne, bari in tashi in koma wani wuri.

Siririn tiyon nan shi ne addu'a. Ƙarami ne, a ɓoye yake, ba wanda yake yabonsa. Amma ta nan rai yake numfashi. In ya toshe, abin da ke cikinmu ba zai gudana ba, ko mun cika har baki. Kuma ba rana ɗaya yake toshewa ba. Zanzaro bai taɓa kawo dutse ba, ɗan laka yake kawowa. Yau na gaji, gobe ina sauri, jibi ina fushi da wance ba zan iya durƙusawa ba. Ran Lahadi a buɗe mana murfi mu ja numfashi, mu ce mun warke, ran Talata mu sāke tsayawa. Kada mu jira Lahadi. Tsinke ɗaya ya isa, in dai kullum ne.

Ga kuma ɗan ƙari. Ku da kuke da murya, in ƙarami ya fara magana, ku bari ya kai ƙarshe, wataƙila amsar tana bakinsa. Mu kuma da ba mu iya magana a taro ba, kada mu ce ba mu da amfani. Allah ya ba mu ido da kunne, yana kuma ganin abin da aka yi ba kowa a wurin. Matar nan ba yabo ta roƙa ba. Mijinta ta roƙa, aka kuwa ba ta. Ran da ta haihu, da motar nan ya kai ta asibiti, ba su tsaya ko sau ɗaya ba.

Na san in an tashi wasunku za su tare ni a ƙofa su ce, a wane ƙauye aka yi wannan, motar wane launi ce, matar wace ce? Har yau mutum uku suna nan suna musu a gindin mangwaro, kowa yana jin daɗin nasa, ban ga dalilin da zai sa a ɓata musu ba. Baba Istifanus dai ku ce masa ya leƙa ƙarƙashin tankinsa. Sauran kuwa, na riga na yanke shawara, ba wanda zan gaya wa.