Malam Jatau da Yatsan Iya Tabawa

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, can baya lokacin da wayar hannu ta shigo kowa yana ɗoki. Malam Jatau ake ce masa. Bawan Allah ne marar hayaniya, yana da 'yar rumfa a bakin tasha inda yake sayar da layin waya da kati, da ita yake ci da iyalinsa.

A lokacin nan layi kamar goro ake sayensa. Ka saya, ka kira wanda za ka kira, ka jefar. Miyagu suka samu hanya. Sai gwamnati ta kafa doka cewa kowane layi a yi masa rajista, a ɗauki hoton mai shi, ya dangwala yatsa. Don kare talaka aka yi dokar nan. To amma ku saurara ku ji abin da mutane suka yi da ita.

Akwai babban dillalin kamfanin layi a yankin, Alhaji Maikano, shi ke raba na'urorin rajista, ya kuma ba Malam Jatau ɗaya. Ran nan ya zo rumfar, ya ja benci ya zauna, ya rage murya.

Ya ce, "Malam Jatau, akwai masu son layi amma ba sa son a san sunansu. Idan tsoho ya zo daga ƙauye, ka ce masa na'ura ba ta ɗauka ba, ya sake dangwalawa. Ya sake, ya sake. Layi ɗaya nasa, sauran ka ajiye min. Shagon da nake ginawa a cikin kasuwa naka ne."

Malam Jatau ya ce, "Alhaji, su wa za su riƙe layukan?"

"Ina ruwanka?"

"Ranka ya daɗe, wanda ya miƙo min yatsansa yarda ya yi da ni. Wallahi ba zan iya ba."

Ko kwana ba a yi ba Alhaji ya aiko aka ɗauke na'urar, aka kai wa Barau da ke rumfar gaba. Shi kuwa Barau ya karɓa hannu bibbiyu.

Jama'a, gaskiya tana da ɗaci kafin a sha daɗinta. Kasuwa ta mutu wa Malam Jatau, har ya koma dako a tashar da aka san shi da rumfa. Matarsa Talatu ta ce, "Malam, kowa fa yana yi. Tukunyarmu ce kaɗai ba ta hau wuta ba a unguwar nan." Ya ce, "Ki yi haƙuri, Talatu. Yunwar nan za ta wuce." Duk tsohon da ya gani ya nufi wajen Barau, sai ya tare shi ya ce, "Baba, sau ɗaya ake dangwalawa." Aka riƙa yi masa dariya, ana cewa hassada ce ke cinsa.

Ana nan, ana nan, sai aka sace wani ɗan kasuwa a kan hanya. Masu garkuwa suka kira iyalinsa. Da aka bi diddigin layin, sai ga suna, sai ga hoto: Iya Tabawa mai daddawa! Tsohuwar da ko lamba ba ta iya dannawa, sai an danna mata. A gaban tirenta aka kama ta, tana kuka tana cewa, "'Ya'yana, me na yi?"

Gari ya yi tsit. Da yawa sun gane inda abin ya fito, amma wa zai ja da Alhaji Maikano? Wa zai ja da mutanen daji?

Malam Jatau ya ɗauki hularsa. Talatu ta riƙe masa riga ta ce, "Malam, kashe ka za su yi." Ya ce, "In na yi shiru tsohuwar nan ta mutu a tsare, me zan gaya wa Ubangijina?" Ta sake shi tana hawaye, ta ce, "Allah Ya tsare."

Ya shiga mota har birni, ofishin hukumar da ke kula da kamfanonin waya. Aka ce ya dawo gobe, ya dawo. Aka sake cewa gobe, ya sake dawowa. Har Allah Ya haɗa shi da wata jami'a mai tsoron Allah, ta zaunar da shi, ya faɗa mata duk abin da Alhaji ya nema daga gare shi, bai ƙara ba, bai rage ba.

Allahu Akbar! Da aka bincika, sai ga layuka tuli a kan yatsan Iya Tabawa, tuli a kan yatsun tsofaffin ƙauyuka, duk daga na'urar Barau. Aka rufe su gaba ɗaya. Aka kama Barau, Barau ya nuna Alhaji, Alhaji ya nuna masu karɓar layukan, ta nan aka kai ga inda ɗan kasuwar yake, aka dawo da shi da ransa. Hukuma ta tilasta wa kamfanin ya buɗe hanyar da kowa zai duba layukan da ke kan sunansa, kyauta.

Ranar da aka sako Iya Tabawa, mata guɗa suke tun daga bakin gari. Ta ƙi shiga gida sai da aka kai ta wurin Malam Jatau. Ta kama hannunsa ta ce, "Ɗana, yadda ka rufa min asiri, Allah Ya rufa maka duniya da lahira." Tasha ta ɗauka da amin. Kamfani da kansa ya dawo masa da na'ura, kuma waɗanda suka yi masa dariya su suka fara bin layi a rumfarsa.

To jama'a, amana ba kuɗin ajiya kaɗai ba ne. Sunan mutum amana ne, hotonsa amana ne, yatsansa amana ne. Gwamnati za ta kafa doka, amma sai an samu mai tsoron Allah a wurin aiwatar da ita talaka zai amfana. Kai mai rajista, kai mai cajin waya, kai mai gyara da ake miƙa maka waya da sirrin gida a cikinta, kai ma'aikacin ofis, da kai nake. Kada ka sayar da wanda ya yarda da kai, kuma in ka ga ana zaluntar mai rauni, buɗe baki ka faɗi abin da ka sani. Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana.