Hoton Kwalbar da Maijidda Ba Ta Tambaya Ba

Maijidda maƙwabciyata ce a Yako, mace mai kirki da tsafta, sai dai ba ta iya cewa "ban gane ba". Karatunta bai wuce aji uku ba, kuma ba ta son kowa ya sani.

Muna da guruf na iyaye mata a waya. Shekara huɗu muna ciki, kowa ta san muryar kowa. In yaro ba lafiya, sai Malama Ummulkhairi, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ta turo hoton magani, ta bi shi da murya ta yi bayani. Haka muka saba.

Da aka sace wayar shugabar guruf ɗin, ɓarawon ya fara turo abin da ba ya faɗuwa, sai aka ce kowa ta fita, mu koma wata sabuwar manhaja. Can kuwa baƙunta muka yi. Sunaye duk laƙabi ne, baƙi sun cika, aka kuma sa doka a daina turo murya don tana cika waya, sai rubutu. Ni kaina da ƙyar nake haɗa baƙi. Na tambayi Maijidda ko tana ganewa, ta yi dariya.

"Haba Yaya, ni da na riga ki shiga?"

Ana haka ɗanta Khalifa ya fara haƙori, ga zazzaɓi ga gudawa. Ranar Malama ta turo hoton wata kwalba mai jan murfi, da rubutu a ƙasa. Maijidda ta ga hoto daga Malama, ta ɗauka yadda aka saba ne. Ta je kasuwa, ta nuna wa wani mai tallar magani a babur, ya ciro mata irinta. Cokali uku ta ba yaron.

Washegari da hantsi na shiga gidanta, na ga kwalbar a kan taga. Rubutun ƙasan hotonta na karanta shi da ƙyar jiya: Malama cewa ta yi jabu ne, kada kowa ta ba ɗanta. Khalifa na kwance, idanu sun faɗa, tun jiya bai yi fitsari ba.

Muka hau babur zuwa asibiti, ina rungume da shi, ina jin numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa. Kwana tara ya yi. Ya rayu, amma har yau kowane wata sai an kai shi Kano a duba masa ƙoda.

Da Malama ta zo dubiya, Maijidda ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ban iya karatu ba."

"'Yata, da wannan kika faɗa tun farko, da na kira ki."

'Yan uwana mata, in aka tashe mu daga inda muka saba aka kai mu sabon wuri, kada mu ɗauka al'adar can ita ce ta nan. Abin da ba ki gane ba, ki tambaya. Kunyar minti ɗaya ba ta kai ran ɗanki ba.