Ranar Da Kulu Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Akwai wata mata a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan mai suna Kulu, shekarunta arba'in da tara, sana'arta yin kisra, wata siririyar wainar dawa mai faɗi, tana aikawa kasuwa. Ɗan farinta Mahadi ne, amma tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Kun dai san alkunyar iyayenmu mata a kan ɗan fari. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yaron nan". In ya shigo, ta kau da kai. Ana yaye shi mahaifiyarta Indo ta ɗauke shi, ita ta raine shi, ita ke masa wasa da dariya.

Da Indo ta rasu, Mahadi ya jira aka yi sadakar bakwai, ya ɗauki jakarsa zai tafi birnin Wad Madani aikin gyaran waya. A bakin ƙofa ya ce wa ƙanwarsa Hafsa, "Mai sona ta tafi. Zaman mi zan yi a gidan ga?"

Kulu tana gaban kasko tana jin sa. Har ya fita, kisrar da ke kan wuta ta ƙone ƙurmus.

Shekara biyu, sallah huɗu, Mahadi bai leƙo gida ba. In Hafsa ta kira shi ta miƙa wa uwar waya, daga "Lafiya?" sai "Lafiya lau", shi ke nan hira ta ƙare. Shi yana ganin ba a damu da shi ba, ita kuma bakinta ya yi nauyi.

Wata rana a shekarar 2019, Hafsa ta dawo daga makarantar da take koyarwa tana mita. Ta ce Mahadi ba shi da lokacin kowa sai na wasan sojoji a waya. Kullum bayan la'asar, shi da Hashim ɗan maƙwabtansu da suke shago ɗaya, suna can suna harbe-harbe suna surutu.

Kulu ta ɗago. "Ana jin muryarshi a ciki?"

"Ana ji, Inna. Har dariyarshi."

"To ki koya mini."

Hafsa ta saki baki. "Inna! Wasan yaƙi ne fa. Bindiga!"

"Na ji. Ki koya mini."

Haka Hafsa ta kira Hashim ta roƙe shi ya rufa musu asiri. Shi ma sai da ya ce "La ilaha illallah" sau uku kafin ya yarda. Ya gaya wa Mahadi cewa wani abokinsa ne daga garin Suki, sabon shiga, a sa shi a ƙungiya. Aka buɗe wa Kulu suna Baƙo.

Hafsa ta zaunar da ita a ƙarƙashin rumfa ta yi mata bayani. Mutum ɗari ake zubowa daga jirgin sama a kan wani tsibiri, huɗu-huɗu a ƙungiya, kowa ya nemi bindiga, ƙungiyar da ta rage ita ta ci. In an harbi ɗan ƙungiyarku ba ya mutuwa nan take, rarrafe yake yi, in ka durƙusa kusa da shi da wuri za ka tashe shi. Sannan ta nuna mata wani ɗan maɓalli a gefe. "Wannan na magana ne. Kina taɓa shi za su ji ki. Kar ki kusance shi."

Ranar farko, wallahi da kun gani da kun tausaya. Sojanta yana faɗowa daga jirgi Kulu ta yi salati ta runtse ido, ta buɗe ta gan shi tsamo-tsamo cikin ruwa. Da ya fito ya nufi bango ya yi ta tafiya a wuri ɗaya. Yatsunta sun yi kanta saboda zafin kasko, sai ta danna sau biyu sau uku kafin waya ta ji.

Harbi kuwa ta ce sam.

"Inna, ba mutanen gaske ba ne!"

"To wa ke juya su? Ba ɗiyan wasu ba ne?"

Suna cikin haka sai dariya ta fito daga wayar, babba, har da shaƙewa. Kulu ta daina dannawa. Ta kawo wayar kusa da kunnenta, a hankali ta ce, "Ashe haka shike dariya."

Rabonta da jin wannan dariyar a kusa tun yana rarrafe.

Daga ranar ba ta fasa ba. Da ta sallame la'asar sai ta wanke hannu ta ɗauki waya. Abu biyu kawai ta iya a wasan nan: bin Mahadi duk inda ya sa ƙafa, da tashinsa in ya faɗi. Magungunan da ake tsinta a ɗakuna ta kwashe ta zube masa a gaba. Harsashi na zuba kamar ruwan sama, ita tana durƙushe a kansa.

Shi kuwa Mahadi gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Wannan ita ce matsalar. Da sauran 'yan wasa Larabci yake yi, Hausa sai in zagi ya tashi.

"Ya Hashim, wanga jakin daga ina ka samo shi? Ko akuya anka ba waya ta fi shi!"

Hashim ya ce, "Ya zol, mutumina, ka bi a hankali. Babba ne."

"Babba ya tafi gona, mi ya kawo shi nan?"

Kulu tana ji tana murmushi. Ita dai muryar take so.

Sai wata Laraba. Sun kusa cin wasa, ƙungiya biyu ta rage, Mahadi ya ɓuya a bayan dutse. Kulu ta zo ta tsaya a kansa ƙiƙam, aka hango su, aka share su gaba ɗaya.

Mahadi ya fashe da ihu. "Kai Baƙo, uwarka! Na ce uwarka! Matar da ta haife ka asarar naƙuda ta yi!"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'a, wace ce uwar Baƙo? Indo. Tsohuwar da ta goya Mahadi, ta tauna abinci ta sa masa a baki. Wadda saboda rasuwarta ya bar garin.

Wayar ta suɓuce daga hannun Kulu. Hafsa ta miƙe ta ce yanzu za ta kira shi ta gaya masa wanda ya zaga. Kulu ta riƙe mata zani, hawaye na bin fuskarta.

"Bai san ni ce ba. In kinka faɗa mashi, kunya za ta hana shi magana da mu har abada. In na bari kuma, ina zan ƙara jin shi?"

Da yamma Hashim ya kira Hafsa murya a sanyaye. Mahadi ya rantse gobe ce rana ta ƙarshe, daga ita za a cire Baƙo daga ƙungiya.

Washegari Kulu ta yi la'asar, ta wanke hannu, ta ɗauki waya kamar kullum. Ta bi shi a baya nesa-nesa, don kar ta sake jawo masa. Wasa ya yi nisa, mutane sun ragu, Mahadi yana kwance a kan tudu yana auna wani can gaba.

Sai Kulu ta ga ciyawa tana motsi a bayansa. Wani ne ke jan ciki, bindiga a hannu, ya kusa isa gare shi. Hashim yana nesa. Ita ba ta iya harbi ba. Ta manta wasa ne, ta manta alkunya, ta manta komai. Ta danna maɓallin nan da aka hana ta.

"Mahadi! Mahadi, bayanka!"

Hafsa tana tahowa da jabana, butar gahawa, a kan tire, tiren ya kife a ƙasa. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin wannan suna a bakin uwarsu ba.

A cikin waya kuwa sojan Mahadi ko motsi bai yi ba. Aka harbe shi, ya soma rarrafe. Hashim ya harbe mutumin daga nesa. Kulu ta ruga ta durƙusa ta tashe shi, amma ya tsaya kamar an dasa shi.

Can sai muryarsa ta fito, ƙarama.

"Hashim. Wa ke nan?"

"Inna Kulu ce."

"Tun yaushe?"

"Wata guda ke nan."

Sannan Mahadi ya ce, "Jiya ma?"

"Jiya ma."

Sunansa ya ɓace daga wasan.

Da sassafe ya hau motar garin Sinnar, daga can ya shiga ƙaramar bas ta Mai Wurno. Kafin azahar yana tsakar gida. Ya tarar da ita a gaban kasko, ya zube a ƙasa, ƙato da gemunsa yana kuka kamar yaron goye.

"Inna, ki yafe mini. Ban sani ba. Wallahi ban san kina sona ba."

Kulu ta kau da kai gefe, kamar yadda ta saba. Ta ce, "Hafsa, ki ce ma yaron nan ya tashi. Can na tashe shi har na gaji, nan ya tashi da kanshi. Ni na yafe. In ya sha ruwa ya tafi maƙabarta ya yi ma kakarshi addu'a, ita ya zaga."

Ya share ido ya ce, "Inna, don Allah ki sake kiran sunan. Sau ɗaya."

Ta shafa ƙullu a kasko, har yanzu ba ta dube shi ba.

"Shekara ashirin da bakwai ina kiran shi a cikin sujada. Kai ne dai ba ka ji."

Darasi: Wanda kake zagi a bayan waya mutum ne, yana da uwa, kuma ba ka san ko wane ne ba. Ka tausasa harshenka ga sabon shiga a kowane abu. Sannan shirun iyayenmu ba ƙiyayya ba ne, wata uwar ba ta iya furtawa amma tana bin ka a baya tana tashinka duk inda ka faɗi. In taka tana raye ka kira ta yau, in ta rasu ka yi mata addu'a. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kaifin baki a wasan waya.