Azarar da Gara Ta Ci

A wani ƙauye akwai wani mutum mai ɗakin soro, wanda ya gada daga mahaifinsa. Wata shekara damina ta yi ƙarfi, bango ya tsage, rufi ya soma yoyo a kan 'ya'yansa. Da kaka ta yi, sai ya kafa wa iyalinsa rumfar zana a tsakar gida, ya kira gayya, aka rushe ɗakin.

Maƙwabta suka ce, "Kawo amalanke mu kwashe tarkacen nan, mu zuba a kwari."

Ya ce, "A'a, 'yan'uwa. Kwarin nan hanyar ruwa ce. In muka toshe shi, baɗi ɗakin wani ne zai faɗi. Ku bar mini kayana."

Ya zauna yana rarrabewa. Tsohuwar ƙasa ya farfasa ta, ya jiƙa, ya kwaɓa da ciyawa, ya yi sabon tubali. Duwatsun tushe ya tara su gefe. Ƙusoshin ƙofa ma ya miƙe su da guduma. Azara kuwa yana ɗauka yana ƙwanƙwasawa, zuciyarsa fari ƙal, gama yawancinsu suna nan da ƙarfinsu.

Sai ya zo kan babbar azarar tsakiya, wadda mahaifinsa ya ɗora da hannunsa. Ya ƙwanƙwasa, ta amsa kamar ganga. Duk da haka ya lallaɓa ya ajiye ta cikin masu kyau.

Matarsa ta ce, "Maigida, tun daga madafa na ji ƙararta. Gara ta cinye cikinta."

Ya ce, "Ta Baba ce."

Ta ce, "Na sani. Amma jikokin Baba ne za su kwana a ƙarƙashinta."

Sa'an nan mutumin ya ɗauki gatari ya faskara ta, gara ta zubo, kaji suka yi buki. Da itacen aka dafa wa magina tuwo. Kafin ruwan farko ɗaki ya tsaya, yara suka kwana a bushe, maigida kuwa yana jin saukar ruwa yana yi wa Allah godiya.

Ga ma'anar misalin nan. Ɗakin shi ne rayuwarmu. Sa'ad da ta tsage, mutane sukan ce, "Wannan ya lalace, a zubar." Ubangiji ba ya zubar da mu. Yakan ɗauki tsohuwar ƙasarmu, har da hawayenmu da kurakuranmu, ya sake kwaɓawa, ya gina sabon mutum. Azarar kuwa ita ce halin da muke ƙauna don mun taso da shi, ko fushi, ko gaba da wani gida, alhali zunubi ya cinye cikinsa. Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, ƙwanƙwasa zuciyarka yau, ka saurara. Abin da ya ruɓe, miƙa wa Ubangiji, gama 'ya'yanka suna kwana a ƙarƙashin abin da ka ɗora.