Zakarun Nomau da Dodon Kududdufi

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai tsoro ya matso kusa da ni."

"Ta zo mu ji ta, Iya, ko da a bayan zaninki ne."

To ku nutsu. Kai Ɗanjuma, bar sosa ƙafar nan, ka dame ni.

Wani mutum ne wai shi Nomau. Gidansa gidan gona ne, can ƙetaren rafi, ko kukan jakin maƙwabci ba ya ji. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, yarinya Kyauta da ƙaninta Talle, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Yana da kaji goma da tsohon zakara guda ɗaya, ja.

A bayan gidan akwai kududdufi. Nan kakan Nomau ya haƙi ƙasar da ya gina ɗakin da suke kwana. Ashe ƙasar da mai ita. Dodo ne a ƙarƙashin ruwan, ya ce tun da da ƙasarsa aka yi ɗaki, duk ɗan da ke kwance a ɗakin nasa ne. Kullum rana ta faɗi sai ya fito ya kamo hanya. Sai dai ƙafarsa guda ta dutse ce, janta yake yi. Ƙiii, dum. Ƙiii, dum. Yana tafe yana waƙa:

Nomau, Nomau, ina tafe,
Ƙafa da nauyi, ina tafe,
In zakara bai tsai da ni ba,
Ɗan cikin ɗaki nawa ne.

Kafin ya iso danga, asuba ta yi. Tsohon zakara ya buga fiffike ya yi cara. Dodo kuwa in ya ji cara dole ya koma, haka aka yi shi. Tun zamanin kaka ake haka, zakara ya gaji zakara, Dodo bai taɓa kai hannu ga dangar ba.

Ana nan, ana nan, wata asuba tsohon zakara ya yi cara muryarsa a dishe. Ya dai yi, Dodo ya koma. Amma Nomau ya ji. Ya ce zakaran nan ya tsufa, in ya mutu fa? Ya kasa cin tuwo. Ya zauna ya yi lissafinsa irin na mai tsoro: in zakara ɗaya ya tsai da Dodo a danga, ai biyar sai su hana shi fitowa daga ruwa ma. Ranar kasuwa ya ja ɗan akuyarsa, ya dawo da samarin zakaru huɗu a kwando, ya juye su a tsakar gida.

Wayyo, garin neman gira za a rasa ido. Ko ƙasa ba su gama takawa ba suka hau faɗa. Wannan ya sari wancan, wancan ya sari tsoho. Aka watsa tsaba, ba wanda ya ci. In sun gaji da juna sai su bi kaji, a taka wannan, a taka waccan, kaza ba ta tashi ba wani ya hau. Kafin yamma tsohon zakara ya shige ƙarƙashin rumbu, zankonsa na ɗigar jini.

Asuba ta yi, shiru. Tsoho ya makara, jikinsa duk tsami. Da kyar ya yi cara. Da gari ya waye Kyauta ta fito shara, ta ga an keta danga, ta ga jan ƙafa a ƙasa har gindin rumbu. Ta nuna wa ubanta. Ya ce baƙunta ce, gobe za su saba.

Ba su saba ba. Wuni suka yi suna abu guda. Bayan kaji ya fige, ba wadda ta yi ƙwai, mai kwanci ta tashi ta bar nata suka huce. Asuba ta sake yi, shiru, shiru, sai ƙiii, dum. Tsoho daga kwance ya yi cara, 'yar siririya. Da gari ya waye jan ƙafa ya kai murhu, tsakiyar gida. Aka leƙa ƙarƙashin rumbu, tsohon zakara ya mutu.

Kun san abin da Nomau ya ce? Wai zakarun ne suka yi kaɗan. Ni dai wannan mutum yana ba ni haushi. Ya ɗauki kwando ya nufi gari, ya ce wa Kyauta kafin la'asar ya dawo. Yana ƙetarewa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, rafi ya kawo ya cika har baki. Shi ba dama ya dawo, su ba dama su gudu.

Kyauta ta goya Talle, ta zauna bakin akurki tana kuka. Tsoro take ji ƙwarai, don ta san daga murhu sai ƙofar ɗaki. Sai wata tsohuwar kaza wake-wake ta matso ta tambaye ta abin da ya same ta. Kyauta ta ce ga zakaru har huɗu, an rasa mai cara.

Kaza ta ce, "'Yar nan, dubi bayanmu. Mu goma ne, zakara ɗaya ya ishe mu. Waɗannan, duk wanda ya miƙa wuya uku za su sare shi. Zakara ba ya cara sai ya san gidan nasa ne."

Kyauta ta ce to ta yaya, ita mace ce ba ta yanka, in ta kore su kuma da magariba za su dawo. Kaza ta ce ai baƙon da ke tafe ba ya neman wuƙa. Ta ce a bar mata ƙaramin, mai kumburarren ido, don shi kaɗai ne in ya tono tsutsa yake kiransu su ci. Amma ta gargaɗe ta, muddin yana jin motsin sauran ba zai buɗe baki ba.

Da magariba, da zakaru suka hau kwana, Kyauta ta lallaɓa ta kama ukun, ta ɗaure ƙafafunsu, ta kifa musu masaki a ƙofar ɗaki. Ta kwantar da Talle can ƙurya, ta saki asabari, ta zauna a bayansa. Ba ta runtsa ba.

Gab da asuba ta ji shi. Ƙiii, dum, ya wuce danga. Ƙiii, dum, ya wuce rumbu. Ƙiii, dum, ya wuce murhu. Warin taɓo ya cika ɗaki, ruwa ya gangaro ta ƙarƙashin asabari ya taɓa ƙafarta, sanyi ƙalau. Waƙa ta tsaya.

Kyauta ta ce, "Sannu da zuwa, Kaka. Baƙo ba ya shiga ɗaki bai taɓa komai ba. Ga zakara nan, sai dai ka fige da kanka."

Dodo ya ce yarinya mai ladabi. Ya zauna, ya ɗaga masaki, ya ɗau na fari. Ya fige shi gashi ɗaya-ɗaya, ya lanƙwame. Ta kasa kunne wajen akurki, shiru.

Ta ce ga na biyu. Ya fige rabi, ya gaji, ya lanƙwame. Ta kasa kunne, shiru.

Ta ce ga na uku. Wannan ko figewa bai yi ba, ya haɗiye shi da gashi da ƙafa. Ya ce, "Saura ɗan cikin ɗaki."

Ta ce ya ɗan huta, ya ce ya huta. Ta ce ta ɗebo masa ruwa, ya ce daga ruwa yake. Sai ga hannu ya shigo ta ƙarƙashin asabari, baƙi, dogo, yana lalube. Ya wuce ta. Ya wuce tabarma. Ya kama ƙafar Talle. Kyauta ta rungume ƙaninta ta ƙugu, tana ja Dodo na ja, yaro na tsala kuka.

Can a akurki tsohuwar kaza ta zunguri ɗan zakara, ta ce ya saurara, yana jin wani? Ya saurara, bai ji kowa ba. Ya duba dama da idonsa mai kyau, kaji. Ya duba hagu, kaji. Ya miƙa wuya kaɗan, ba wanda ya sare shi. Ya ƙara miƙawa. Ya buga fiffike, ya yi cara. Cara ce marar daɗi, a karkace, ta wanda bai taɓa yi ba. Amma cara ce.

Hannu ya fizge ya fita. Ƙiii, dum, ƙiii, dum, har suka ji tsulum a kududdufi. Sai dai bai tafi haka nan ba. Da Kyauta ta duba ƙafar Talle, ɗan ƙaramin yatsa babu, Dodo ya tafi da shi.

Hantsi ya yi, rafi ya janye, sai ga Nomau da gudu, kwando a ka, zakaru shida a ciki suna ta saran juna. Ya ga jan ƙafa har bakin ƙofa. Ya ga ƙafar ɗansa a naɗe da tsumma. Ya sauke kwando, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska, ya yi kuka mai yawa.

Kyauta ta bari ya gama. Sannan ta ɗora ruwa a murhu, ta ɗauko wuƙa ta ajiye a gabansa, ta ce, "Baba, duka shidan. Muna da zakara."

To kun ji. Kaji goma, zakara guda, shi ne zaman lafiya. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, mai tara abu don tsoro kuwa, shi ke buɗe wa abin tsoron ƙofa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, in da ƙarya a ciki Gizo ne ya sa ni. Ku tashi ku kwanta. Kai Ɗanjuma, ka shigar da ƙafarka cikin mayafi.