Kwaɗon da Aka Saya Saboda Awaki

Akwai wani tela da ake kira Mai Makulli. Hannunsa na da kyau a ɗinki, amma girman kai ya yi masa katutu. Mahaifinsa magini ne, shi ya gina cocin unguwarsu, kuma da zai rasu ya bar masa makullin ƙofar. Tun daga ranar tela ya rataya makullin a wuyansa tare da tef ɗin awo. Ko wando ka kai masa ya rage tsawo, sai ka sha tarihin yadda babansa ya kafa ikkilisiya kafin ka karɓi kayanka.

Rigimar ta taso ne a kan teburin wa'azi. Gara ta cinye tsohon da maginin ya bari, har fasto ba ya iya dafa shi. Dattawan ikkilisiya suka zauna, suka sa kafinta ya yi sabo, ba su tuntuɓi tela ba. Da ya ji, ya ajiye almakashi ya je ya datse ƙofar cocin da kwaɗo. A lokacin saura mako guda a ɗaura auren 'yarsa tilo a cikin cocin.

Ranar Lahadi jama'a suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, aka rasa mai ikon cewa a buɗe. Fasto ya ce ofishin gunduma ne ya turo shi. Dattawa suka ce jama'a ne suka zaɓe su. Shugabar mata ta ce in shara da wankin labule ke ba da iko, to kowa ya ba ta wuri. Tela ya tambayi fasto wa ya naɗa ofishin gundumar. Fasto ya ce babban taro. Wa ya kafa taron? Masu bisharar da suka zo daga nesa. Su kuma fa? Fasto ya yi ta komawa baya har ya kai ga manzanni, ya ce su ma aiko su aka yi. Kan tela ya ɗaure. Ya duba jerin nan daga farko har ƙarshe bai ga inda babansa ya tsaya ba, sai ya damƙe makullin ya koma shago.

Lissafinsa shi ne, tunda biki ya matso, dole su zo su ba shi haƙuri. Ya ci gaba da ɗinka rigar amarya da hannunsa. Matarsa ta yi magana har ta gaji, 'yar ta yi kuka har idonta ya kumbura, ya ce su kwantar da hankalinsu.

Ranar Juma'a goggonsa, ƙanwar maginin, ta dogara sanda ta zo shagon. Ta ce masa tun kafin a yi ginin, su bakwai suke sujada a tsakar gidan wata mai wanki, kuma a bakin matar nan babansa ya fara jin bishara.

"To, Goggo, makullin fa? Ni ya ba."

"Ɗan nan, shekara goma ƙofar nan ba ta san kwaɗo ba. Awaki ne suka dame mu da cin littattafan waƙa, shi ne babanka ya sayo. Gadin awaki ya bar maka."

Tela ya tsayar da keken ɗinki. Ya rasa ko ya yarda, ko ya ce tsufa ne ya ruɗa ta. A ƙarshe ya zaɓi abin da ya fi masa daɗi, ya ce tsufa ne.

Asabar da safe ya sa babbar rigarsa, ya buɗe coci, ya zauna a bencin gaba yana jiran a zo a roƙe shi. Tara ta yi, goma ta wuce, ba kowa. Can ya jiyo waƙa daga ƙarshen layi. Ya fita da sauri, ya bar ƙofa a buɗe, ya bi sautin har rumfar kafinta. An share ɓarɓashin katako, an jera benci, ga sabon teburin a tsakiya. 'Yarsa na tsaye cikin rigar da ya ɗinka, an riga an gama ɗaurin aure. Ƙanensa ne ya miƙa hannunta.

Ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Baba, mun jira ka har rana ta yi zafi. Jiya na zo in gaya maka a nan za a ɗaura, ka ce ba ka son jin komai."

Tela ya juya ya koma cocin. Yana shiga ya tarar da awaki uku a kan bencin gaba, suna cin littattafan waƙa.

Darasin da ke nan shi ne, ikkilisiya ba gadon gidan kowa ba ce. Almasihu ne ya kafa ta, shi ne kuma shugabanta. Fasto da dattijo da mai riƙe makulli duka aiki aka ba su, kowa da nasa. Wanda ya mayar da aikin da aka ba shi sarauta, zai rasa sarautar, aikin ma ya lalace a hannunsa, ya kuma rasa abin da ba a maimaitawa, kamar yadda tela ya rasa auren 'yarsa.