Gonar Tabawa da Takin Masai

Ku matso ku ji wata. Mai ƙyanƙyami ya toshe hanci, amma kada ya toshe kunne.

A Tudun Gawo akwai wata tsohuwa, Tabawa, mai gonar aro guda ɗaya wadda mijinta ya mutu ya bari. Ƙasar ta gaji, shekara uku ko damin dawa biyar ba ta ba da ba. Mai unguwa, wanda ya ba da aron gonar, ya aiko cewa in bana ma haka ne, zai ba masu buga bulo ita. Tabawa ta tara 'ya'yanta uku ta ce, "Ina raye za a haƙa gonar ubanku? Ku san abin yi!"

Babban, Nomau, ya ji labarin wani fili a bayan birni inda motocin yasar masai ke juye kaya, a tace ruwan, a shanya sauran ya bushe. Ya ɗaura wa shanu amalanke, ya yi sawu arba'in yana kwaso busasshen zuwa gona don taki. Tun daga nan abokansa suka daina ba shi hannu. In ya zauna a majalisa, sai ka ga kowa ya tuna yana da uzuri.

Ta biyu, Gwamma, mai sayar da fura, ta tare shi a bakin gona. "Yaya, kada ka watsa shi haka, akwai sauran cuta a ciki." Ta haɗa shi da ƙaiƙayi da toka, tana yayyafa ruwa, tana juyawa duk mako, har cikin tsibin ya ɗau zafin da hannu ba ya iya daɗewa. Bayan wata huɗu ya koma baƙi, yana ƙanshin ƙasa, sannan aka watsa shi a gona. Furarta kuwa ta mutu murus. Matan da ke layi a ƙofarta suka ce ba sa shan damun wannan hannu.

Dawa ta yi kai, dami sittin. Sai gari ya ce hatsin najasa ne, ba mai saye, ba mai ci. Munafukai! Kamar abin ba daga cikinsu ya fito ba. Mai unguwa ya ce amfanin da ba a ci ba amfani ba ne.

Autan, Mantau, shi ne ladanin garin. Ya je ya tambayi malamai, suka ce abin da ya rikiɗe ya zama ƙasa ya tsarkaka. Ranar Juma'a ya zauna a ƙofar masallaci da akushin tuwon dawar, ya cinye tas a idon kowa. Mutane suka fara saye, amma dattawa suka ce ya zubar da girma, suka ba wani ladancin.

Yanzu ga waɗanda suka guje su suna sallama, wai a sam musu taki ko buhu ɗaya. Tabawa ta kore su da muciya, ranta na tafasa.

Mai unguwa ya sauko, ya ce gona ta tsira, sai dai suna ɗaya zai rubuta a takarda, kuma ba na tsohuwa ba. Tabawa ta dubi 'ya'yanta: wannan ba aboki, wannan ba sana'a, wannan ba muƙami.

To, ku da kuke zaune, sunan wa za ta faɗa?